Yadda Injiniya Mato Ya Wanke Rijiyar Inna Hansai

Duk wanda ya zauna a layinmu na Agege a shekarar 2001 ya san Mato, ko yana so ko ba ya so. Ba sai ka neme shi ba, shi zai same ka. In kana gyaran rediyo zai tsaya a kanka ya ce ba haka Turawa ke yi ba. In akuyarka na da ciki zai faɗa maka ranar da za ta haihu da launin ɗan. Asalin sana'arsa gadi ce. Amma tun da ya yi wata huɗu yana buɗe ƙofa a wani kamfani can Fatakwal, masu kwashe ɗanyen mai idan ya malale a gonakin mutane, ya dawo mana da hular kwano ruwan ɗorawa da sabon suna, wai Injiniya. Hular ta tsage ta baya, ya ɗinke ta da waya. Ko masallaci zai tafi yana rataye da ita a gwiwar hannu.

Ni tela ne, shagona na zauren gidan Inna Hansai, saboda haka abin da zan gaya muku ba ji na yi ba. Da idona na gani, kuma da hannuna a ciki, Allah ya yafe mini.

Gidan Inna Hansai gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, ƙofa na kallon ƙofa irin na Legas, da rijiya a tsakar gida. Mijinta marigayi Malam Jumare ne ya haƙa ta da hannunsa, kuma ranar da ya yi mata baki ya ɗauki ƙusa ya rubuta a ɗanyen siminti: JUMARE 1977. Ruwanta garai-garai, ba gishiri, ba wari, abin da ba kowace rijiyar Legas ke iya alfahari da shi ba. Da shi Inna ke dama kokon da take sayarwa a ƙofar gida, 'yan ga-ruwa ke layi su cika jarkokinsu a wurinta, masallacin layi ke cika butoci. Da rijiyar nan ta reni 'ya'ya huɗu bayan rasuwar ubansu. Takan ce Jumare bai bar mata gona ba, bai bar mata shanu ba, ramin nan ya bar mata, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

A bayan katangarmu kuwa akwai gidan man Oga Lasisi.

Wata safiya wani direban danfo, motar haya ta Legas, ya kurɓi koko, ya tsaya, ya sake kurɓa, ya ce, "Mama, abeg, wannan kokon ni zan sha ko motata?"

Aka jawo guga. Ga wani maiƙo yana yawo a saman ruwan, launi-launi kamar bakan gizo, warin fetur ya doki hancin kowa. Lokacin ana cikin wahalar mai, layin motoci ya kwana uku bai motsa ba, don haka kafin azahar 'yan okada sun cika gidan da kofuna. Ɗaya ya yaɗi na sama ya ɗura wa babur ɗinsa. An ce ya kai shi har Abule Egba, daga can ya turo shi da ƙafa.

Inna ta yafa mayafi ta zagaya wurin Oga Lasisi. Bayarbe ne haifaffen Agege, Hausa a bakinsa kamar ta Bakano. Ya saurare ta yana wasa da sabuwar wayarsa ta hannu, irin waɗanda suka shigo a shekarar, mai girman rabin bulo.

Ya ce, "Mama, tankina na ƙasa daga Jamus aka kawo shi. Ba ya yoyo. Wataƙila Allah ne ya ba ki rijiyar mai, sai ki gode."

A ɗaki na tara akwai Kachollom, wata yarinya 'yar Jos mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Ikeja, inda ake duba wa masu fiya-wata ruwansu. Ba ta da yawan magana. Ta ɗibi ruwan a kwalba ta tafi da shi, ranar Asabar ta tara mu a tsakar gida.

Ta ce, "Fetur ne, kuma daga tankin can yake bin ƙasa yana zuwa. Na kai takarda ofishin muhalli, ranar Alhamis za su zo su ɗiba da kansu. In sun gani, dole a tono tankin. Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya taɓa rijiyar kafin nan."

Inna ta ce, "'Yar nan, za ta warke?"

"Za ta warke, Mama. A toshe yoyon tukuna, a kwashe man da ke sama, a yi ta janye ruwan. Ƙasar kuma a ɗiba a bokitai a gwada dabara biyu uku, a ga wadda ta fi cin man. Wata shida, ko ya ɗan wuce."

Sai muka ji dariya daga bakin zaure. Mato ne, hula a ka.

"Wata shida! Ke yarinya, ciki aka ce miki rijiyar ta ɗauka? A Fatakwal, kogi guda muka wanke tsakanin Juma'a da Lahadi. Bature da kansa ya rungume ni yana kuka, yana cewa Mato, in ka tafi mun shiga uku."

Ɗanliti mai faci, wanda ke gyaran taya a bakin titi, ya ce, "To me ya sa ka tafi?"

"Hassada. Ku ba ni kwana uku, ranar Alhamis Inna ta dama koko da ruwan nan, ma'aikatan gwamnati su sha su nemi ƙari."

Ban san wanda ya kai wa Oga Lasisi labarin Alhamis ba, sai ga shi ya shigo da fara'a, mutumin da bai taɓa taka gidan ba. Ya ce shi maƙwabci ne, ciwon Mama ciwonsa ne, duk kayan aikin da Injiniya ke so shi zai kawo.

Inna ta ce, "Ni dai na fi son ta yarinyar nan. A jira."

Oga Lasisi ya ce, "Haba Mama! Soja ya koma bariki. Yanzu dimokuraɗiyya ake yi, mutum ɗaya ba ya yanke wa jama'a hukunci. A kaɗa ƙuri'a."

"Rijiyar tawa ce fa."

"Amma ƙishirwar ta kowa ce."

Mu kuwa shekara biyu ke nan muna jin daɗin kalmar nan, ko naman suna za a raba sai wani ya ce a kaɗa ƙuri'a. Aka ce masu son wata shida su ɗaga hannu. Hannu biyu suka tashi, na Inna da na Kachollom. Aka ce masu son kwana uku. Tsakar gida ta cika da hammata. Mato ya ɗaga nasa duka biyun, aka kuma ƙirga su. Ni ma na ɗaga, don na gaji da bin layin famfo a ƙetaren titin jirgi, kuma Mato ya riga ya ba ni ɗinkin rigar aiki shuɗiya, wadda zan rubuta wa INJINIYA a baya da farin zare. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta shafa bakin rijiyar daidai wurin rubutun, ta shige ɗaki.

Ranar Litinin Mato ya iso cikin sabuwar riga, ana biye da shi da buhun omo biyu.

Ya ce, "Jama'a, kimiyya ba wuya gare ta ba. In mai ya ɓata maka riga, me kake sa mata?"

Muka ce, "Omo."

"To rijiya ta fi riga ne?"

Ya juye buhunan duka, ya kawo doguwar gora ya shiga dama rijiya kamar mai tuƙa tuwon biki. Da farko shiru. Can wajen la'asar sai kumfa ta leƙo, ta cika baki, ta gangaro, ta kama hanyar ɗakuna. Kajin Inna suka shiga ta wannan gefe suka fito ta wancan fari fat, har zakaran bai gane matansa ba. Matan gida suka yi ta kwasa a baho suna wanki kyauta. Wani tsoho da ya shigo neman alwala ya tsaya a zaure ya ce shi bai taɓa ganin gajimare ya sauko gidan haya ba.

Mato ya ce, "Dattin ne ke fita."

Kachollom ta dawo daga aiki, ta tsaya da jaka a hannu, kumfa har gwiwa.

"Kawu Mato, me ka yi? Da man yana sama, ana iya kwashe shi da kwano. Yanzu ka dama shi da ruwan har ƙasa."

"Kina ganinsa yanzu?"

"Ba na gani, amma..."

"Kun ji da bakinta. Ba ta gani. Rana ɗaya ke nan."

Muka tafa masa, har da ni.

Da safiyar Talata ya tara mu ya yi mana karatu. Ya ce akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, abincinsu fetur, kuma gidansu kashin shanu. Ya ce a Fatakwal tifa-tifa ake kawowa. Daidai nan Kachollom ta fito za ta tafi aiki, ya tare ta.

"Ke 'yar boko, ki ji tsoron Allah. Kashin shanu na cin fetur ko ba ya ci?"

Ita kuma ba ta iya ƙarya ba, nan ne matsalarta. Ta ce, "Gaskiya yana taimakawa, amma a ƙasa ake cuɗa shi, kaɗan-kaɗan, ba a cikin..."

"Gaskiya ne! Ta ce gaskiya ne!"

Ta yi ta ɗaga murya, amma sowar mutane ta rufe ta, ga kwandastan danfo na ihun Ikeja, Ikeja. Ta kama hannun Ɗanliti ta ce don Allah ya hana shi, ta ruga. Ɗanliti ya ce shi wa, ai an kaɗa ƙuri'a.

Daga baya na haɗu da wani da suka yi gadi tare a Fatakwal. Ya ce mini daga ɗakin gadinsu ƙofa kawai ake gani. Mato ya ga tifofin kashin shanu suna shiga, bai taɓa ganin inda ake juye su ba.

Baro huɗu aka turo daga abbatuwa, sabo fil, yana tururi. Ɗaya bayan ɗaya Mato ya kifa su a rijiyar yana bismillah. Ƙudajen Agege kaf suka samu labari, na Oyingbo ma ina jin sun yi hayar mota. Teburin kokon Inna ya watse, ƙosai ya huce a faranti ba mai tambaya. Liman ya ce daga yau jam'i ya koma layin baya har sai abin da hali ya yi. Ni kaina da ƙyalle a hanci na yi ɗinki, wani mai kaftani ya zo karɓa, ya shinshina, ya ce in riƙe in riƙa tunawa da shi.

Mato ya hau kan baro ya ce, "Tsakaninku da Allah, akwai mai jin warin fetur?"

Ba mai ji. Wannan kam gaskiya ce.

Oga Lasisi, hankici a hanci, ya daki kafaɗarsa ya ce, "Injiniya, yu du wel!" wato aiki ya yi kyau. Ya zaro waya ya kira wani yana ba shi labari da ƙarfi, ko da yake mun san ba sabis a layinmu sai an hau gada.

Sai Inna ta fito. Ba ta toshe hanci ba. Ta zo bakin rijiyar ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Mato, da ruwan nan aka yi wa Jumare wankan ƙarshe. Kashi ka zuba a ciki?"

Na ga Mato ya ɗan sunkuya, na ce yau dai kunya ta kama shi. Ashe gyara hula yake.

Ya ce, "Inna, kimiyya ba ta ƙyama."

Ni kam na ji kunya, na ji ta har cikin ƙashina. Amma ban buɗe baki ba. Mutum in ya riga ya ɗaga hannu a gaban jama'a, sauke shi nauyi gare shi.

Ranar Laraba ya ce halittun nan ba sa cin abinci in ana kallonsu. Ya rufe rijiyar da kwanon rufi, ya lulluɓa tamfol, ya danne da duwatsu da wani tsohon ƙarfen mota. Rana ta buɗe irin ta Legas mai dafa mutum a cikin rigarsa. Wuni guda rijiyar na gurnani daga ƙasa, gulul, gulul, kamar cikin wanda ya ci wake da yawa. Duk wanda ya tambaya sai Mato ya sa yatsa a baki ya ce, "Suna ci."

Alhamis da hantsi ma'aikatan muhalli suka iso, mace ɗaya mai tabarau da maza biyu cikin fararen riguna, da akwatin kwalabe. Mai unguwa ya zo da babbar riga fara ƙal. Oga Lasisi ya sha farin leshi har ƙasa, yana rabon lemo. Kachollom ta ƙi zuwa aiki. Mutanen layi sun cika gida, wasu a kan katanga. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi.

Matar mai tabarau ta dubi tamfol da duwatsu ta ce, "Ina rijiyar?"

Mato ya matso ya sara mata kamar soja. "Madam, rijiya tana hutawa. Saura mataki na ƙarshe, za mu ba ta iska."

"Iska?"

"Haka muke yi a Fatakwal. Ɗanliti, kawo inji."

Ɗanliti ya turo injin da yake ba tayoyi iska, yana gunaguni. "Ni fa injina taya ya sani. Bai taɓa hura rijiya ba."

"Yau za a ƙara masa girma."

"In ya lalace kai za ka haifo wani?"

"In ya lalace Bature zai aiko mini da goma."

Kachollom ta shiga tsakani. "Madam, don Allah ki hana su. Hura iska dabara ce, ana yi, amma ba a rufaffen rami mai cike da kashi da omo ba."

Madam ta ce kada a taɓa komai sai ta ɗibi ruwa. Oga Lasisi ya yi wuf ya ce ai ba a katse likita yana tsakiyar aiki, minti biyu kawai. Suna cikin wannan ja-in-ja Mato ya riga ya cusa tiyo ta ƙarƙashin kwano, ya zura har ƙasa, ya ja igiyar inji.

Inji ya ɗauka. Gurnanin ya ƙaru. Tamfol ya fara kumbura, duwatsu na rawa, ƙarfen motar nan ya mirgino ya faɗi a gaban mai unguwa.

Mato ya ce, "Ku matso ku ga ikon ilimi."

Wasu suka matsa, mai unguwa a gaba.

Ba zan iya kwatanta ƙarar ba. Kwanon rufin dai ya tashi sama, a bayansa kuma duk abin da aka zuba tun Litinin ya biyo, ruwan ƙasa-ƙasa mai kumfa, ya wuce tsayin gida, ya buɗe kamar lema, ya sauko a kan kowa ba zaɓe. Babbar rigar mai unguwa ta koma kalar kunun kanwa. Oga Lasisi ya buɗe baki zai ce wani abu, abin ya same shi a buɗe. Ya tofar, ya dubi leshinsa, ya dubi wayarsa tana ɗiga, ya ɗora hannu a ka ya ce, "Haa! Mo gbe!" wato ya shiga uku. Na kan katanga suka yi ta dariya har sai da zubi na biyu ya kai gare su.

Ɗanliti ya kashe inji. Madam ta cire tabarau ta goge da bayan takarda, ta mayar. Mace ce mai sanyin rai, ban taɓa ganin irinta ba.

Ta ce, "Malam, kai ne ka yi wannan aikin?"

"Ni ne, Madam. Injiniya Mato."

"To ina fetur ɗin?"

"An cinye shi tas."

"Mece ce shaidarka?"

Da ta san shi da ba ta yi wannan tambayar ba. Mato ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihun da ni na ɗinka masa, ya zaro ashana.

"Fetur dai in yana nan, ai zai kama, ko?"

Kachollom ta ƙwalla ƙara, "Kawu, kada!" Ta fizgi hannun Inna suka faɗa ɗaki. Sauranmu kowa ya yi ta kansa. Na ga mai unguwa ya tsallake baro da babbar riga, abin da ko a ƙuruciyarsa ba na jin ya taɓa yi. Madam da mutanenta suka shige shagona suka kwanta a ƙarƙashin keken ɗinki.

Mato ya ƙyasta, ya jefa.

Bummm! Ƙasa ta girgiza. Wuta shuɗiya ta miƙe daga rijiyar kamar an kunna risho na aljanu. Masu ba da mai a bayan katanga suka yar da tiyo suka ranta a na kare. Layin danfo da ya fi mako bai motsa ba ya watse cikin minti ɗaya, wasu da baya, wasu ta kan kwalbati. Allah ya taƙaita, wutar ba ta tsallaka ba. Ta ci abin da za ta ci, bangon rijiyar ya tsage ya rufta ciki, ya danne ta.

Da hayaƙi ya lafa muka fito neman gawar Injiniya. Muka same shi zaune daram a kan tulin kashin shanun da rijiyar ta watso a lungu, abin da ya tare masa faɗuwa ke nan. Ba gira, ba gemu, fuska sumul kamar ƙwai. Rigar ta ƙone ta gaba, amma rubutuna na baya ko zare ɗaya bai tashi ba. Hular kuwa sai washegari ladan ya gan ta a kan rufin masallaci.

Ya buɗe ido ya dube mu ya ce, "Wannan shi ne ragowar. Yanzu ya ƙare."

Madam ba ta ko buɗe akwatin kwalabenta ba. Ta ce a shekara goma sha biyar na aikinta ba a taɓa kawo mata shaida mai kyau irin wannan ba. Kafin la'asar an sa wa gidan man Oga Lasisi sarƙa. Da aka tono tankin Jamus, gindinsa ya yi huji-huji kamar matankaɗi, mutane suka yi ta zuwa kallo har daga Ojota.

Sannan aka yi abin da Kachollom ta faɗa tun farko. Aka kwashe ƙasar da ta jiƙe da mai, aka jera bokitai a bayan gidan man, wannan a cuɗa masa ɗan kashin shanu, wancan gawayi, wancan a riƙa juya shi ya sha iska, wani a bar shi haka nan don a gwada da sauran. Kowane mako ana zuwa a ɗiba. Na kashin shanun ne ma ya fi saurin warkewa. Mato ya bi layi gida-gida yana cewa satar fasaharsa aka yi.

Rijiyar ce dai ba ta tashi ba. Madam ta zo da kanta ta zauna a tabarmar Inna ta gaya mata. Ta ce da fetur kaɗai ne da ta warke, amma yanzu bango ya rufta, ƙazanta ta shiga jijiyar ruwan, in aka bar ta a buɗe za ta lalata rijiyoyin maƙwabta. Dole a cike ta. Inna ta ce to. Abu ɗaya ta roƙa, a ciro mata ɓallin simintin da ke da sunan mijinta.

Ranar da aka cike ta mu muka yi dakon yashi, mu ɗin nan masu hannu. Ba wanda ya yi wasa. Kowane kwano na juye sai na ji kamar a kabari nake zubawa. Inna na tsaye da ɓallin siminti a ƙirji, matar da shekara ashirin da huɗu ana layi a ƙofarta, ga jarka biyu a gefenta da ta sayo daga ƙetaren titin jirgi.

Magini ya shafe saman da siminti ya gyara shi sumul. Sai ga Mato, kai naɗe da bandeji, hula a bisa bandejin.

Ya ce, "Jama'a, a faɗi gaskiya. Tun ranar Alhamis ɗin nan, akwai wanda ya ƙara shan fetur a rijiyar nan?"

Kowa ya kau da kai. Ya ɗauka yabo ne. Ya tsuguna, ya tsinci ƙusa, ya fara rubutu a ɗanyen simintin. Ɗanliti ya ɗauki ƙarfen cire taya ya yi kansa, mutum biyu suka riƙe shi.

Inna ta ce, "Ku ƙyale shi ya rubuta."

Ya rubuta da manyan baƙaƙe: INJINIYA MATO 2001. Ya miƙe yana karkaɗe hannu, yana jiran tafi.

Inna ta sunkuya a hankali ta dasa ɓallin nan a gefen rubutunsa, ta danna shi ya zauna. JUMARE 1977.

Ta ce, "Yauwa. Wannan ya haƙa, wannan ya binne. Duk wanda ya shigo ya karanta."

Muka fara sakin numfashi, har wani ya yi 'yar dariya. Sai ta karɓi ƙusar daga hannun Mato, ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da ta yi mana ranar ƙuri'a.

Ta ce, "Saura masu hannu. Akwai wuri, simintin bai bushe ba."

Ta miƙo mini ƙusar.

"Tela, fara. Kai ka iya rubutu mai kyau, na gani a bayan rigarsa."